Daftari na Bakwai

Ni ce mai bugawa.
Ba ni da ƙuri'a a ɗakin nan, sai teburi
a jikin taga, inda iskar fanka ba ta kaiwa.
Hawa na biyu, Kartum. Ana hango Nilu
in an miƙe tsaye.

Mutum ashirin da ɗaya aka rantsar
su rubuta wa ƙasa sabon kundi.
Ranar farko aka raba alƙaluma, aka zuba gahawa,
aka bi kowa da 'yar takarda mai shafi biyu:
abubuwan da ba a taɓawa.

Ustaz Abdulbagi, lauya, kansa fari fat,
ya ce a fahimta,
dokar riƙon ƙwarya ce ta haifi kwamitin nan,
ɗa kuwa ba ya raɗa wa uwarsa suna.
Abin da ta ɗaure, a ɗaure muka same shi,
a ɗaure za mu bar shi.
Yana faɗa yana goge tabarau, bai dubi kowa ba.

Na buga: Mulki na jama'a ne.
Ya dawo da jan biro a gefe, wai a sake dubawa.
Na buga: Kowane girshi na gwamnati sai majalisa ta gani.
Da la'asar wani mai kaki ya hawo.
Bai zauna ba, ruwa kawai ya sha,
ya gai da kowa da sunansa, har da ni.
Washegari na ƙara: sai dai abin da tsaro ya keɓe.
Kalma bakwai.
Raƙumi zai wuce ta cikinsu da kayansa.

Dakta Ikhlas ta Kadugli ta tayar da batun filaye,
aka ce yarjejeniyar sulhu ta riga ta yi magana,
mai kwance ta, bakin bindiga ya kwance.
Addini da gwamnati kuwa, sau huɗu ana ɗagawa.
Da an zo wurin, wayoyi su hau ruri,
kowa ya fita baranda
ya jiyo ra'ayinsa daga bakin jam'iyya.

Sai sashen ɗan ƙasa.

Babana a Mai Wurno yake.
Kakansa ya taso da ƙafa zai tafi Makka,
haihuwa ta tsayar da shi, damina ta riƙe shi.
Kabari uku muke da su a bakin kogin nan,
amma in Baba ya je neman shaidar zama ɗan ƙasa
sai a ce ya kawo wanda ya san tushensa.
Daftarin farko ya ce: duk wanda aka haifa a nan.
Na bakwai ya ce: duk wanda aka haifa a nan,
kamar yadda doka za ta tsara.

Yatsana ya tsaya a sama.
Wa zai lura in na tsallake layi ɗaya?
Hannun mai bugawa ai yakan yi tuntuɓe.
Na ƙirga har goma.
Na buga shi yadda yake, har da ɗigo.

A ƙasa, gindin dalbejiya, mai shayi ta ce, kun gama?
Na ce mun kai na bakwai.
Ta ce kisra ma ta farko kan ƙone,
amma ita ba ta taɓa ƙona shida ba.

Alhamis aka ce a tattara tsoffin daftari a ƙona.
Ina ɗaurewa da zare Ustaz ya tsaya a kaina,
ya daɗe yana neman abin da bai ɓace ba,
can ya ce, Batula, na farkon nan,
akwai kwafi biyu?

Na ce uku.

Ya ce to, ba ni ɗaya.
Bai tambayi na ukun ba.